Gwadabe Mai Turancin Jiya

Duk baƙon da ya kwana uku a Tudun Ɗinya, can ƙasar Farin Dutse ta Gwaram, ba zai bar garin ba sai an ba shi labarin Gwadabe. In ba a samu mai bayarwa ba, Gwadaben da kansa zai janyo shi gindin ɗinya ya ba shi, yana yi yana dukan cinya don dariya. Mu mutanen garin ba mu cika ƙyaƙyatawa da ƙarfi ba, don da mu aka yi shirmen.

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, kowane saurayi ya ga ƙauye ya yi masa kaɗan. Gwadabe, auta kuma ɗa namiji tilo a wurin Inna Hajjo, ya wayi gari ya ce shi ya gama da noma. Ya bar matarsa Kubra da tsohuwa, ya hau a-kori-kura sai Birnin Kudu. Allah ya taimake shi ya samu aikin buga ƙararrawa a wata makarantar kwana. Aikin ba wuya, ka dubi agogo ka bugi ƙarfe. To amma ƙarfen a jikin tagar wani aji yake rataye, inda wani malami Ba'indiye yake koyar da Turanci. Mako uku cur malamin nan yana kan darasi ɗaya, wanda suke kira fas kantinuwas, wato yadda Bature yake faɗin abin da yake cikin yi lokacin da wani abu ya faru. Kuma kusan kowace jimla ya kawo sai ya ƙarasa ta da "wen da bel ran," ma'ana lokacin da aka buga ƙararrawa, yana nuno Gwadabe ta taga. Nan Gwadabe ya gane ashe Turanci gaba ɗayansa a kansa ya dogara. Ya dinga manna kunne a taga yana mantawa da agogo, har ranar da ya bar ɗalibai ɗari huɗu ba su ci abincin rana ba sai da la'asar. Washegari aka sallame shi.

Ya dawo gida damina ta riga ta kankama, da wando mai faɗin ƙafa irin na 'yan birni, da biro uku a aljihun gaba, biyu daga ciki marfi ne kawai. Mutum na farko da ya tare shi shi ne Haladu, taubashinsa, ɗan yayan Inna Hajjo, wanda tun suna yara bai taɓa barinsa ya sha ruwa da daɗi ba.

"Koro ka aka yi?" in ji Haladu.

"Kammalawa na yi."

"A mako uku?"

"Wasu shekara biyar suke yi. Ƙwaƙwalwa ce ba ɗaya ba."

"To ka yi mana Turancin sannu da zuwa mu ji."

"Wannan Turancin yau ne, na yara. Ni Turancin jiya na karanta, wanda manya suke yi."

Inna Hajjo ta yi murna da dawowarsa har da hawaye, don gonarta ta bayan gari ciyawa ta fara shan kan dawa. Ta ɗauko garmar marigayi mijinta ta miƙa masa. Gwadabe ya karɓa da yatsa biyu, ya fita da ita dandali a gaban jama'a, ya buge ƙotar ya jefar, ya ɗaga ƙarfen sama ya ce, "Ku shaida, wannan hannun na alli ne. Ni da garma har abada."

Kamar ya sani, a makon nan dagaci ya sa aka yi shela cewa za a buɗe ajin yaƙi da jahilci a garin. Malam Ƙasimu oganeza, mai kula da azuzuwan manya, zai zo daga Birnin Kudu nan da mako uku, ranar Asabar, ya ga wanda zai iya koyarwa. Wanda ya ci za a ba shi takardar aiki da sabon keke. Gwadabe bai bari mai shela ya sauke numfashi ba ya ce shi ne. In ya samu takardar nan rantsuwarsa ta tsaya, in ya rasa kuwa ba abin da ya rage masa a duniya sai gonar Inna da bakin Haladu. Ya ce shi ba zai tsaya ɓata lokaci da abacada ba, kai tsaye Turanci zai zuba wa mutane, oganeza ya zo ya ga abin mamaki.

Aji sai da allo. Ya duba gidansu bai ga katako mai faɗi ba sai ƙyauren ɗakin Kubra, wanda babanta ya yo mata tun daga Fagam, kuma duk unguwar ita kaɗai ke da irinsa. Tana tsakar gida tana tankaɗe ta ga ƙyaurenta yana tafiya a kan mijinta.

"Malam, ina za ka kai mini ƙyaure?"

"Ɗaukaka ce ta same shi. Allo zai zama."

"Ni kuma in kwana da awaki?"

"Matar malamin gwamnati ba ta ƙananan maganganu. Ranar da na goyo ki a keke za ki gode mini."

Ya shafe ƙyauren da baƙin tukunya, ya samo farar ƙasa, ya jingina shi a gindin ɗinyar da ke bayan dangarsu. Magidanta goma sha huɗu suka rubuta suna, ko in ce suka faɗi suna, don shi ma malamin rubutun nasa sai a hankali. Aka sa aji kullum bayan la'asar.

Ranar farko ya fara da babba, Baba Barau sarkin noma, dattijon da tunda yake ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Baba, ka ce, ai woz itin wen Maikuɗi kem."

"Me ke nan?"

"Wato ina cikin cin tuwo sai Maikuɗi ya shigo."

Baba Barau ya tsayar da taunar goro. "Wane Maikuɗin? Mijin 'yata Batulu? Shekara tara yana aurenta bai taɓa ganin loma a hannuna ba. Yau kai za ka tsaya a gaban mutane ka ce surukina ya same ni da hannu a akushi?"

Maikuɗi da ke can baya ya rufe fuska da hannun riga. "Wallahi Baba ban shigo ba."

"Misali ne fa," in ji Gwadabe.

"A yi misalin da wani tsohon."

Gwadabe ya ga nan ba riba, ya koma kan Maikuɗi, ya ba shi jimlar da ba suruki a ciki: ina cikin sayar da saniya sai ruwa ya sauko. Maikuɗi mutum ne mai son a yaba masa. Ya miƙe ya faɗe ta sau goma da Turanci, sau goma da Hausa, da muryar da ta kai har bakin rijiya inda mata suke ɗiban ruwa. Saniya ɗaya ce tak a gidan Maikuɗi, kuma ta Batulu ce, gadon uwarta. Washegari ana tsakiyar aji sai ga Batulu da muciya a hannu, mayafi a ɗamare. A bayanta kuma ga dillalai biyu da suka taso tun daga Gwaram don sun ji labarin saniya.

"Wa ka sayar wa?" ta ce da mijinta.

"Malam ne ya ce in ce!"

Ta juyo kan Gwadabe. "Kai ne dillalin ke nan?"

Da ƙyar aka ƙwace muciyar, bayan ta sauka sau ɗaya a kafaɗar malami, sau ɗaya a allo. Da ƙura ta lafa Baba Barau ya miƙe ya kafa doka. Ya ce daga yau ba wanda zai faɗi abin da bai faru ba a ajin nan, don ƙarya ƙarya ce ko da yaren wa aka yi ta, kuma duk jimlar da mutum zai faɗa ya kawo shaidu biyu. Aji ya amsa da murya ɗaya. Gwadabe yana murza kafaɗa ya ce, "Madalla. Haka ma ake yi a Ingila. Da ma na ƙyale ku ne in ga ko za ku gano da kanku."

Yanzu sai neman jimla ta gaskiya. Ya yi kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarun da in sun faɗo wa mutum ya kamata ya yi a'uziyya. Abin da ya rasa ƙararrawa ce. Ya ɗauko ƙarfen garmar ubansa ya rataye a reshen ɗinya. Shirinsa shi ne ya riƙa bugawa a lokacin da ya ga dama, kowa ya riƙe abin da yake cikin yi, da la'asar a zo a juya shi Turanci. Sai dai ya manta bai gaya wa kowa ba. Mu kuwa a garinmu ba a dukan ƙarfe sai in gobara ta tashi. Da hantsi ya zage ya narka masa dutse, kafin ya sauke hannu gari ya taso da tuluna da bokitai, ba wanda ya tsaya tambayar yadda wuta za ta kama dangar da ta kwana tana shan ruwan sama. Aka wanke allo tas, aka wanke danga, aka wanke kajin Kubra. Haladu ya iso a ƙarshe, ya duba ya tabbatar ba wuta, sannan ya juye tulu guda a kan Gwadabe.

"Me na yi maka?"

"Hayaƙi na gani yana fita ta kunnenka."

Da aka fahimci tsarin sai wata matsalar ta ɓullo, kuma wannan kam laifinmu ne. Ashe in aka tsayar da mutumin kirki a tsakiyar yininsa ba shiri, da wuya a same shi yana abin da zai so a faɗa a dandali. Aka tambayi Baba Barau me yake cikin yi da ƙarfe ya yi ƙara, ya ce abin da yake yi ba ya shiga aji, kuma ba a kai shaidu wurin. Wani aka same shi yana cin gyaɗar da matarsa ta ɓoye. Maikuɗi kwana uku a jere amsarsa ɗaya ce, yana cikin ba Batulu haƙuri, Gwadabe kuwa bai san Turancin ba da haƙuri ba. Ayyukan da ya tsinto a tagar nan shida ne: ci, barci, gudu, sayarwa, karatu da noma. Duk abin da ya fita daga cikinsu sai ya ce ba na wannan ajin ba ne. Haladu kuwa kullum cewa yake, "Ina kwance ina tunanin yadda za ka ƙare."

Saura kwana biyar oganeza ya zo, babu jimla ko ɗaya wadda take gaskiya, ba abin kunya a ciki, kuma ta shiga cikin Turancin malam. Gwadabe ya fara ramewa. In ya rufe ido sai ya ga keke yana tafiya shi kaɗai yana nisa.

Ana cikin haka Inna Hajjo ta ga in ta biye wa ɗanta bana ba ta da dawa. Ta je wurin Baba Barau ta roƙi gayya, aka sa ranar Alhamis. Gayya a wurinmu tana da ƙa'ida biyu da ko yaro ya sani. Ɗan mai gona shi yake fara sa garma a ƙasa kafin kowa, sannan duk wanda ya zo maka, in tasa ta tashi sai ka je masa.

"Auta, ranar Alhamis za a yi mana gayya," in ji Inna. "Ko sara ɗaya ne ka yi, don idon mutane."

"Alhamis? Kash! Inna, ai ranar oganeza ya aiko in je Birnin Kudu mu tattauna. Ba ya iya yanke komai sai da ni."

Tsohuwa ta yarda, har ma ta ji daɗi. Ranar Alhamis da sassafe ta dama masa fura a gora ta guzuri. Ya bi ta tsakiyar gari yana sallama da ƙarfi yana tambayar masu saƙo zuwa birni. Da ya ɓace wa ido ya zaga ta cikin duwatsu, ya ɓullo ta bayan gidansu lokacin da mata suka fita kai abinci, ya haye rumbun Inna da ya kusa ƙarewa, ya zura jiki ciki. Ya shanye fura, ya miƙe ƙafa iya yadda rumbu ya bari, barci ya kwashe shi.

Wajen azahar kiɗan gangar noma ya tashe shi. Gonar ba nisa, yana jin muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Ga ta Baba Barau, ga ta Maikuɗi, ga dariyar Haladu. Ya ƙirga a zuci, duk goma sha huɗun suna nan. Daɗi ya kama shi. Ajinsa kaf a wuri ɗaya, suna aiki ɗaya, aikin mutunci, kowa da shaidu goma sha uku, kuma noma yana cikin kalmominsa shida. Irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Abu ɗaya ya rage jimla ta cika, a buga ƙarfe.

Bai san lokacin da ya diro ba. Ya sheƙa gindin ɗinya, ya ɗauki dutse ya ba garma uku masu kyau, irin bugun da ko a Birnin Kudu bai taɓa yi ba, ya dawo da gudu ya faɗa rumbu da ka. Ya zauna yana haki yana murmushi, yana cewa a ransa ƙwaƙwalwa dai ba ɗaya ba. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya lura ganga ta yi shiru. A nan ya tuna shi fa yana Birnin Kudu.

Da la'asar sakaliya ya sake zagawa ta duwatsu ya shigo gari ta hanyar mota, yana ɗingishin gajiya, ƙaiƙayi a gashin kansa, yana cewa oganeza yana gaida kowa. Aka amsa masa. Inna ta ce sannu da hanya ba ta ɗago ba, Kubra ta ajiye masa tuwo ta wuce. Ba wanda ya ta da zancen ƙarfe, shi kuwa shirun ya fi duka ciwo. Ranar Juma'a a aji ya daure ya taɓo maganar da kansa.

"Na ji an ce jiya ƙarfe ya yi ƙara ba na nan?"

"Ƙwarai," in ji Haladu. "Ƙila akuya ce."

"Akuya ce! Ni ma abin da na ce ke nan."

"Mai ilimi kuwa. Sau uku ta buga, daidai wa daida."

Baba Barau, da yake shi bai iya zaton ƙarya ga mutum ba, ya ce lallai a nemo akuyar a ɗaure. Gwadabe ya share gumi ya shiga aiki. Kafin magariba magidanta goma sha huɗu sun haddace "wi wa famin wen da bel ran," wato muna cikin noma aka buga ƙararrawa, suna rera ta kamar masu daɓe. Ya koma gida yana jin sirdin keke a ƙarƙashinsa.

Ranar Asabar Malam Ƙasimu ya iso a kan babur, da jakar takardu a rataye. Gari ya cika gindin ɗinya, dagaci a kujera, mata sun yi cincirindo a bayan danga. Gwadabe ya gyara biro ukun nan, ya ɗaga hannu, aji ya saki jimla da murya ɗaya har tsuntsaye suka tashi daga ɗinya. Oganeza ya saki baki don mamaki. Ya nuna Baba Barau shi kaɗai, tsoho ya faɗa ba gargada. Ya nuna Maikuɗi, ya faɗa har da ƙari. Aka yi masa bayanin dokar ajin, cewa ba a faɗin abin da bai faru ba, ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana yawon ƙauyuka bai taɓa ganin tsari mai kyau irin wannan ba.

"Ni na ƙirƙiro shi," in ji Gwadabe.

Malam Ƙasimu ya zaro takardar aiki ya ɗora a cinya, ya cire marfin biro. Gwadabe yana ganin hatimin da idonsa.

"To, noman nan a gonar wa aka yi?"

"Gonar mahaifiyar Malam, ranka ya daɗe. Gayya ce."

"Kai, madalla! Malami kuma manomi, irinku gwamnati take nema. Kai ka fara sa garma ke nan." Ya juyo yana murmushi, ya jefo wa Gwadabe tambaya da Turanci, shi me yake cikin yi da aka buga ƙararrawa. Duk Turancin duniya ba tambayar da Gwadabe ya fi ganewa kamar wannan, kuma ba wadda ya fi fatan bai gane ba.

"Ai woz," in ji shi. Ya dubi allo. "Ai woz."

Baba Barau ya ga malaminsa ya sarƙe, tausayi ya kama shi, ya kawo ɗauki. "Ai shi ba ya nan, ranka ya daɗe. Yana wurinka a Birnin Kudu kuna tattaunawa."

"Wurina? Alhamis tun safe ina Wurno. Ni yau na fara ganin bawan Allahn nan."

Gwadabe ya laluba cikin kalmominsa shida ya cafko ta mutunci. "Na tuna! Ai woz ridin. Karatu nake."

"Shaidu biyu!" in ji aji gaba ɗaya, don mun riga mun saba.

"Haba jama'a, ni ne fa malamin."

"Kai ka ƙirƙiro tsarin," in ji Haladu. "Yanzu ka faɗa."

Sai aka ji muryar mace daga bayan danga, tar da ita, ba ko tuntuɓe: "Hi woz silifin."

Oganeza ya waiwaya. "Wace ce wannan?"

"Mai ɗakinsa ce," in ji dagaci.

"Barci yake a rumbu, ranka ya daɗe," in ji Kubra. "Mun dawo ɗaukar fura muka ji minshari, muka ɗauka wata dabba ce ta shiga. Muna shawarar kiran maza sai ga shi ya diro, ya je ya buga, ya dawo ya shige da ka, ƙafar wando tana reto."

"Ke kuma a ina kika koyi Turanci?"

"Ranka ya daɗe, mako uku ɗakina ba ƙyaure."

Dariyar da aka yi ranar har yau ban ji irinta ba. Dagaci ya sa bakin rawani ya toshe baki, Haladu ya kwanta a ƙasa. Gwadabe ya ga saura ƙofa ɗaya, ya ɗaga murya ya ce, "Shaida ɗaya ce! Doka ta ce biyu!"

"Ni ce ta biyun."

Inna Hajjo ce ta zagayo daga bayan danga, a hankali, tana dafa sanda. Dariya ta ɗauke. Ba ta dubi oganeza ba, ɗanta ta duba.

"Na tsaya a bakin gona ina ba mutane haƙuri, ina cewa Autana yana wurin hukuma, shi ya sa bai zo ya fara sara ba. Na taho gida ina alfahari. Sai ga garmar ubanka tana ƙaryata ni, gari duk yana ji. Na koma da fura, ba wanda ya ce mini komai, suka sunkuya suka ƙarasa mini gonata. Ka san nauyin wannan shirun, Auta?"

Gwadabe yakan ce muciyar Batulu da tulun Haladu da dariyar gari duk bai ji su ba kamar maganar nan. Kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai, marfin biro ɗaya ya zame ya faɗi, bai ɗauka ba.

Malam Ƙasimu mutum ne mai sauƙin kai. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, a bar wannan. Malam Gwadabe, koya musu darasi na gaba mu gani."

"Ranka ya daɗe," in ji Gwadabe a hankali, "ba a kai nan ba aka sallame ni."

Oganeza ya mayar da marfin bironsa, ya ninke takarda ya sa a jaka. Ya ce zai turo malami daga Gwaram a fara daga abacada, kuma zai nemi a buɗe ajin mata, don ya ga akwai mai kai a bayan danga. Ya buɗe rajistar ɗalibai ya rubuta sunan Gwadabe a lamba ta ɗaya. Babur ya tashi, Gwadabe ya bi jakar da kallo har ta sha kwana.

Kubra ta aiko mata biyu suka ɗauke ƙyaurenta, da jimlar a jikinsa, kuma har ya tsufa ba ta bari an goge ba. Inna Hajjo kuwa ta sa Haladu ya kwanto ƙarfen daga reshe. Ta zaro ƙotar nan da ya jefar a dandali, ashe tun ranar ta tsince ta ta adana a ƙarƙashin gado. Aka haɗa su a gaban kowa, ta miƙa masa. Wannan karon da hannu biyu ya karɓa.

Gona goma sha huɗu ke jiransa, don kowa ya zo wa Inna sai an je masa. Aka fara da ta Haladu, wadda duk garin ba mai duwatsu irinta. Gwadabe ya naɗe wando mai faɗin ƙafa har gwiwa, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga garma ya sauke. Ta sami dutse, ta yi ƙara ƙal, irin ƙarar nan da kowa ya sani. Magidanta goma sha huɗu suka ɗago kai a tare.

"Malam," in ji Haladu, "an buga ƙararrawa. Me kake cikin yi?"

Gwadabe ya share gumi da bayan hannu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Noma nake," ya ce. "Wanda bai gani ba ya matso, shaidu sun yi mini yawa."